Yadda Ƙugin Wufa Yake Kashe Kansa a Cikin Mota

'Yan'uwana ɗalibai, garinmu Wudil gari ne na bakin hanya. Babban titin da ya taso daga Kano ya nufi Maiduguri ta kan gadarmu ya bi, ga kuma kasuwar shanu mai ci kowace Juma'a, wadda take tara motoci daga nesa da kusa. Saboda haka kunnen mutumin Wudil ya saba da sauti iri-iri. Akwai masu tallar magani da suke ɗaura lasifika a rufin mota, akwai 'yan Adaidaita Sahu, akwai kuma samarin direbobi masu Golf da Sharon waɗanda suke ajiye wani akwati a cikin but, ana ce masa wufa. Aikin wufa shi ne fitar da amo mai kauri irin na ganga ko tambari. Masu haɗa rediyon mota suna ce wa wannan amo bes, ni kuwa a nan zan kira shi ƙugi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kuka da nake yawan ji a bakin direbobi. Mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi wufa da amfilifaya, a haɗa masa. In ya kunna, na tsaye a waje ya ji ƙasa tana rawa, shi kuwa da yake riƙe da sitiyari ya ji abin lami. Daga nan sai ya ce an sayar masa da jabu, ko ya sake cin bashi ya sayo wadda ta fi ta girma. Alhali kuwa sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau. Ƙugin ne yake kashe kansa tun bai iso kunne ba.

Kafin mu gane yadda haka take faruwa, sai mun san mene ne sauti. A gaban kowace sifika akwai wata takarda mai siffar akushi. In wuta ta shiga, sai takardar nan ta riƙa leƙowa waje tana komawa ciki da sauri. In ta leƙo ta matse iskar da ke gabanta, in ta koma ta sassauta ta. Wannan matsewa da sassautawa ita take tafiya cikin iska har ta taɓa dodon kunnenmu. Wanda ya taɓa jefa dutse a kogin Wudil ya ga irinta, domin ruwan yakan yi tudu da kwari, tudu da kwari, yana faɗaɗa har gaɓa. Matsewar iska ita ce tudu, sassautawar ita ce kwari.

Ana ƙirga sau nawa takardar take kai da komowa a sakan ɗaya, ma'aunin kuwa sunansa Hertz, watau sunan wani masanin kimiyya na Jamus, Heinrich Hertz. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga 20 zuwa 20,000. Rabon wufa shi ne na can ƙasa, daga 20 zuwa wajen 100. Sauti yana gudun kimanin mita 340 a sakan. In muka raba 340 da 85, za mu sami 4. Ma'ana, ƙugi mai kai da komowa sau 85 a sakan, daga tudunsa zuwa tudu na gaba mita 4 ne, kusan tsawon motar Golf ɗungurungum. Mai kai da komowa sau 50 kuwa ya kusa mita 7. Ku riƙe lissafin nan, za mu dawo gare shi.

To, me zai faru in igiyoyin sauti biyu suka gamu? In tudu ya hau kan tudu, sai ƙarar ta ƙaru. In kuwa tudun wannan ya faɗa cikin kwarin waccan, sai su cike juna, iskar ta tsaya cik, kunne bai sami kome ba. Misalinsa kamar mota ce ta mutu a kan gada, ƙarti biyu suka zo turi. In duk suna baya, mota ta tafi. In ɗaya yana gaba ɗaya yana baya, kowa yana turawa iyakar ƙarfinsa, za su yi gumi sharkaf amma mota tana nan inda take. Wani masani Bature ɗan Ingila, Thomas Young, ya bayyana wannan ƙa'ida tun a 1801. A 1936 kuma aka ba wani Bajamushe, Paul Lueg, takardar mallakar dabarar kashe ƙara da ƙara. Dabarar ce ake amfani da ita yau a abin sawa a kunne mai rage hayaniya. Abin da masana suke yi da gangan, shi ne yake faruwa a but ɗin motocinmu ba da sanin mai mota ba.

A iya abin da na lura, hanyoyi uku ne ƙugi yake kashe kansa a mota.

Hanya ta farko ita ce rashin akwati na kirki. Lokacin da takardar sifika take matse iskar gabanta, a daidai lokacin take sassauta ta bayanta. Ke nan gaba yana yin tudu, baya yana yin kwari. In babu abin da ya raba su, iskar gaba sai ta zagayo ta cike gurbin ta baya, ƙugi ya mutu a nan take. Shi ya sa in ka jona wufa tsirara ka ajiye ta a kan benci, za ka ga tana ta tsalle amma ba ka jin wani abin a zo a gani. Amfanin akwati shi ne ya tsare na baya kada ya gamu da na gaba. Saboda haka a sa kafinta ya yi shi da katako mai kauri, a liƙe kowace kafa da gam. Akwai akwatin da ake bar wa rami da gangan, amma faɗin ramin da zurfinsa da lissafi ake yin su, ba a huda shi da ka.

Hanya ta biyu ita ce juya waya. Kowace sifika tana da ƙafa biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. In mota tana da wufa biyu aka juya wayar ɗaya, to, lokacin da wannan take leƙowa waccan tana komawa, mun koma ga ƙartin nan masu turin mota. Gwajin wannan ba shi da wuya. A kashe rediyo, a cire wayar sifikar daga amfilifaya, a ɗauki batirin tocila guda ɗaya a taɓa wayoyin biyu da shi na ɗan lokaci kaɗan. In kan batirin yana kan ƙafar tarawa, takardar za ta leƙo waje. A yi wa ɗayar haka. Wajibi ne duka biyun su leƙo tare.

Hanya ta uku ita ce ta fi ɓuya, ita ce kuma mazaunin akwatin. Ƙugi ba ya tafiya gaba kawai kamar hasken tocila, ko'ina yake bazuwa. Wani ya nufi direba kai tsaye, wani ya nufi ƙofar but ya bugi ƙarfe ya dawo, kamar yadda muryarka take dawo maka in ka yi kira a bakin rijiya. Wanda ya dawo ɗin ya yi tafiya fiye da ɗan'uwansa, saboda haka a makare yake isowa. Yanzu mu ɗauko lissafinmu. A ce takardar wufa tana nesa da ƙofar but da mita 1. Zuwa da dawowa mita 2 ke nan, watau rabin mita 4. Rabin igiya kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin tudu da kwari. Ashe ƙugin nan mai 85 zai dawo da kwarinsa daidai kan tudun ɗan'uwansa, su kashe juna. Amma in aka ja akwatin baya, aka juya fuskarsa ga ƙofar but, ya zama saura kamar tsawon taƙi ɗaya tsakaninsu, zuwa da dawowa bai kai rabin mita ba. Tudu zai dawo kusan kan tudu, su taru su yi ƙarfi. Wannan ne dalilin da ya sa a yawancin ƙananan motoci wufa mai kallon baya ta fi mai kallon gaba ƙugi, ko da yake ido zai ce akasin haka.

Na ce a yawancin motoci, domin kowace mota da irin cikinta. Sharon ba ta da bango tsakanin but da fasinja, mota mai rufaffen but kuwa tana da shi. Ko sauke gilashi yakan canja abin da kunne yake ji. Saboda haka gwaji shi ne alƙali. Direba ya zauna a kujerarsa, ya rufe ƙofofi, ya sa kiɗa guda mai ganga, kada ya taɓa maɓallin ƙara. Yaron mota ya riƙa matsar da akwatin, ya sa shi ya kalli baya, ya kalli gefe, ya kalli sama, ana rufe but kowane karo. Amfilifaya da yawa suna da wani ɗan maɓalli mai lamba 0 da 180, wanda yake mayar da tudu kwari, domin wufa ta yi daidai da sifikun ƙofa. In ka je wurin mai gyara, ka ce masa, "Maigida, a taimaka a juya wannan mu ji." Inda ƙugin ya fi cika a kunnen direba, nan ne mazauninsa. Sai a ɗaure akwatin tamau, domin akwati mai nauyi in an taka birki da ƙarfi yakan zama makami.

Wani zai ce, me ya hana a ƙara wuta kawai? Amsa ita ce, in ka ƙara wa wufa wuta, ka ƙara wa tudu ka ƙara wa kwari, kisan yana nan yadda yake. Bugu da ƙari, ko babu kisa, ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Abin da zai biyo baya shi ne batir ya riƙa sauka, waya ta yi zafi, sifika ta ƙone. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma hasarar da ta fi ta kuɗi. Direban da ba ya jin ƙugi a kujerarsa yakan yi ta murɗa ƙara, alhali fasinjan da ke baya, wataƙila tsohuwa ko mai goyo, su suke shan ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa ƙara mai desibel 80 kada babban mutum ya wuce awa 40 a mako yana sauraronta, in ta kai 90 kuwa awa 4 ne kawai. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gasu masu karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Direban da kiɗa ya hana shi jin hon ɗin tirela a kan hanya mai cunkoso irin tamu, ya sa ransa da na mutane cikin haɗari.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana, musamman masu karatun kimiyya da sana'a. Garinmu yana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Bai kamata a ce a gari irin wannan yayyenmu direbobi suna zubar da guminsu a kan abin da batirin tocila da lissafin rabawa za su warware ba. Darasin igiyar sauti da muke haddacewa don jarrabawa, shi ne dai yake aiki a tasha. In mun je hutu, mu gwada shi a motar gida ko ta maƙwabci, da izinin mai ita, mu kuma bayyana wa na kusa da mu. Amfanin ilimi aiki da shi.