Kula Da Itacen Lalle Na Cikin Tukunya A Lokacin Hunturu

Babu wanda bai san amfanin ganyen lalle ba a ƙasar Hausa da Barno, musamman wajen ƙunshin amare. Amma ba ganye kaɗai ake so ga wannan itace ba. Furensa fari ne, ƙanana a cure wuri ɗaya, kuma idan ya buɗe da maraice ƙamshinsa yakan cika gida. Saboda haka ne waɗansu magidanta sukan dasa shi cikin tukunya a tsakar gida, inda awaki ba za su kai gare shi ba. Sai dai da yawa daga irin waɗannan itatuwa ba sa ƙetare hunturu. Wannan takarda za ta bayyana dalilin haka da kuma hanyar magance shi, tare da misali daga Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe.

Yadda Hunturu Yake A Nguru Da Gashuwa

Waɗannan garuruwa biyu suna bakin Sahel ne, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Ruwan saman da suke samu a shekara wajen milimita 500 ne, ko ƙasa da haka, kuma yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas, busasshiya ƙwarai, ɗauke da ƙurar da ta kwaso daga hamadar Bodele ta ƙasar Chadi. Da rana akan sami zafi wajen digiri 30, amma da asuba ma'auni yakan sauka zuwa digiri 12, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Lalle itacen ƙasar zafi ne. Ba ya bunƙasa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 11, kuma ƙasa da digiri 5 yana iya kashe shi. Wanda yake gona saiwarsa ta nutsa cikin ƙasa, inda ɗumi da laima suke. Na tukunya kuwa ba shi da wannan gata, domin 'yar ƙasar da ke kewaye da saiwarsa tana hucewa da dare, tana kuma bushewa da wuri.

Kuskuren Kulle Itace A Ɗaki

A ƙasashen Turai, inda ƙanƙara take zuba, tilas ne a shigar da itatuwan ƙasar zafi cikin gini. A fadar Basai ta ƙasar Faransa, tsakanin 1684 da 1686, an gina wani makeken ɗaki mai manyan tagogi domin itatuwan lemo su yi hunturu a cikinsa. Abin lura shi ne, tagogin nan suna fuskantar kudu ne don hasken rana ya shiga. A Nijeriya ƙanƙara ba ta kwanciya, saboda haka wanda ya kulle lalle a ɗaki mai duhu wata uku ya cuce shi, domin ganyen zai yi rawaya ya kaɗe. Abin da itacen yake bukata shi ne kariya daga iska, ba ɓoyewa daga rana ba.

Abubuwan Da Ya Kamata A Yi

Na farko, a ajiye tukunyar a gefen kudu ko yamma na ɗaki ko katanga, yadda ginin zai tare iskar. In babu katanga, a kafa zana. Daren da ɗari ya tsananta ana iya shigar da ita shirayi ko zaure, amma a fitar da ita da hantsi.

Na biyu, a ɗora tukunyar bisa bulo ko dutse saboda gara, a kuma tabbata hudar gindinta ba ta toshe ba. Tukunyar ƙasa ta fi garwa, domin ƙarfe yana saurin ɗaukar zafi da sanyi.

Na uku, a yi hattara da ban ruwa. A lokacin sanyi itacen yana hutawa, ba ya shan ruwa kamar da. A nutsa yatsa cikin ƙasar. Idan da danshi a dakata, idan ta bushe a zuba ruwa har ya ɗiga ta ƙasa. Da safe ake yi, ba da dare ba. Yawan ruwa yana ruɓar da saiwa. In an ga fari-fari kamar kanwa a bakin tukunya, gishirin ruwa ne ya taru. A kankare shi, a kwarara ruwa mai daɗi ya wanke ƙasar.

Na huɗu, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuya a Gashuwa, don ya riƙe laima. A riƙa yayyafa wa ganyen ruwa sau ɗaya a mako, domin ƙura tana tare masa haske.

Na biyar, kada a sa taki ko a datse rassa sai sanyi ya wuce, wajen watan Maris. Idan ganye ya zube, kada a yi garajen tumɓuke itacen. A ɗan karce ɓawon reshe da farce. Muddin cikinsa kore ne, yana da rai, kuma zai tofo da zuwan bazara.

Amfanin Wannan Ga Ƙasa

Mutanen wannan yanki ba su manta da farin 1973 ba, da irin dabbobi da itatuwan da aka yi hasara. Domin tare hamada ne Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa a 2015, kuma Yobe tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Amma dashe ba ya zama itace sai an raine shi. Magidancin da ya iya tsallakar da lalle ɗaya daga hunturu zuwa damina, ya san yadda zai raini darbejiya ko dakwara kafin a kai su gona. Ana kira ga iyaye da malaman makaranta su koya wa yara wannan aiki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.