Manduri, Dapango, Sokode: Yadda Za A Sha Yawon Kwana Biyar Ba Da Motar Kai Ba

Da yawa daga cikinmu da ke cin kasuwannin kan iyaka mun sha ratsa arewacin ƙasar Togo, amma in aka tambaye mu abin da muka gani, ba zai wuce tasha da rumfar dillali da ɗakin da muka kwana ba. Wasu kuma na ganin cewa yawon buɗe ido sai mai motar kansa. Alhali kakanninmu fatake da ƙafa da jakuna suka bi wannan hanya zuwa Gwanja sayen goro, kuma sun san garuruwanta ciki da waje. Don haka a wannan makon muka ga ya dace mu tsara wa mai karatu tafiyar kwana biyar, daga Manduri zuwa Dapaong, wadda aka fi kira Dapango, sannan Sokode, duk a motar haya da babur.

Kafin a ɗaura ɗamara

Abu na farko shi ne tsaro, domin ba za mu ɓoye wa kowa gaskiya ba. Manduri ita ce hedikwatar gundumar Kpendjal, wadda ta yi iyaka da Burkina Faso da Binin, kuma a wannan gunduma ce 'yan bindiga suka kai hari a Sanloaga cikin watan Nuwamban 2021, suka kuma kashe sojoji 8 a Kpékpakandi cikin watan Mayun 2022. A watan Yunin 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a jihar Savanes baki ɗaya, majalisa kuma ta sha sabunta ta. Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce shingayen bincike, da tambayar ina ka fito, ina za ka. Saboda haka dokarmu ta farko: ba tafiyar dare. A riƙe katin shaida ko fasfo da katin allurar shawara a aljihun gaba, kada a ɗauki hoton soja ko shinge, sannan a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki tun jajibirin tafiya.

Abu na biyu agogo. Wanda ya shigo daga Najeriya ko Nijar ko Binin ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya, in ba haka ba zai riga kowa zuwa tasha ya yi ta hamma. Na uku kuɗi. Sefa ake kashewa, kuma canji na wahala a hannun masu babur, don haka a farfasa 'yar jaka goma tun a kasuwa. Sauran guzurin a zuba shi a waya, ko Flooz ko Mixx, wadda aka sani da T-Money a da. Lokacin da ya fi daɗin tafiya kuwa hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani, a Agusta da Satumba kuma kogin Oti kan yi ambaliya a yankin Manduri.

Juma'a da Asabar: Dapango

Muna ba da shawara a tashi ranar Juma'a da sassafe. Tsakanin Manduri da Dapango bai kai kilomita 100 cif ba, ana bi ta Borgou. Motar tasha ba ta san ƙarfe nawa ba, sai ta cika take tashi, shi ya sa wanda ya yi sammako ne ke samun motar farko, ya isa kafin a hau mumbari. Bayan an sauko daga masallaci a nemi masauki, a ajiye jaka, a zaga cikin gari da ƙafa. Akwai ɗan gidan tarihi na jihar, inda za a ga kayan gargajiyar Moba da Gurmawa, mutanen da muke ciniki da su kullum ba tare da mun san tarihinsu ba.

Ranar Asabar babbar kasuwa ke ci. A shige ta da safe, a ga farashin hatsi da tumatir da zabi, domin ɗan kasuwa ko yawo ya fita idonsa na kan mudu. Da hantsi sai a yi jinga da mai babur zuwa kogunan dutsen Nok, kudu maso yamma da gari, wajen Nano. A can, a jikin wani dutse mai tsayi, akwai rumbunan laka fiye da 100 da mutanen yankin suka gina tsakanin ƙarni na 17 da na 19, inda suke ɓuya da hatsinsu idan mahara suka taso. Ta tsanin ƙarfe ake sauka, kuma tun shekarar 2000 wurin ke cikin jerin da Togo ta miƙa wa hukumar UNESCO. A yi cinikin zuwa da jira da dawowa a dunƙule, kada a biya duka sai an dawo, a nemi hular kwano, a kuma baro wurin kafin la'asar sakaliya.

Batun ciki ba abin damuwa ba ne. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa ko tubani, da dare tuwon masara da gasasshen zabo, wanda Dapango ta yi suna a kai. Sai dai gari ne na addinai daban-daban, ana sayar da naman alade da burkutu a fili. Musulmi ya nemi mahautan Hausawa ko masu abinci na kusa da masallaci, ya yi tambaya cikin ladabi, ba tare da yatsina fuska ga abincin masu gari ba.

Lahadi: hanyar fatake

Daga Dapango zuwa Sokode kusan kilomita 300 ne a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Lome zuwa Sinkase. A nan gara a yanki tikitin babbar bas tun ranar Asabar, domin tana da lokacin tashi kuma kowa da kujerarsa. Ƙaramar motar tasha kan yi lodin da ya wuce kima. A nemi gefen taga. Garin farko babba shi ne Mango, wanda cikakken sunansa Sansanne-Mango, wato sansani da Hausarmu, tsohon zangon ayarin goro a bakin Oti. Daga nan sai Kante, sai duwatsun Defale, sai Kara, sai Bafilo garin masaƙa, da yankin Aledjo inda aka tsaga dutse gida biyu hanya ta ratsa. Wanda bai yi barci ba ya riga ya ci rabin kuɗin motarsa da kallo.

Litinin: Sokode

Sokode ita ce hedikwatar jihar Tsakiya, garin Kotokoli, waɗanda ke kiran kansu Tem, kuma akasarinsu Musulmi ne. A nan bahaushe ba ya jin baƙunta. A fara da unguwar Didaure, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa da malamai da ta tashi albarkacin cinikin goro tun kafin Jamusawa su kafa barikinsu a ƙarshen ƙarni na 19. Daga nan a leƙa wurin masaƙa, a taya zanen saƙi, a kwatanta shi da na gida. Sai babbar kasuwa da gidan tarihin jihar. Duk waɗannan ƙafa da ɗan gajeren babur sun isa. Wanda ya dace da lokacinsa zai ga bikin Gadao-Adossa, inda mahaya ke sukuwa, samari kuma na wasan wuƙa, abin da zai tuna masa da 'yan tauri.

Ƙasar doya ce, don haka kada a bar garin ba a ci sakwara ba. A haɗa da soyayyen wagashi, cukun Fulani, da dare kuma a nemi mai tsire.

Komawa gida

Ranar Talata a kamo hanya da asuba. In an iso Dapango rana ta yi sanyi, to a kwana, kada a ce sai an ƙarasa Manduri ko ta halin ƙaƙa. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai ran mutum ba, saboda haka tun a gida a ware shi daban. Mai nufin Binin ko Najeriya kuwa yana iya sauka a Kara, ya ci kasuwar Ketao ranar Laraba, ya wuce ta Jugu zuwa Paraku.

A ƙarshe muna tunatar da mai niyya ya bar wa iyali sunan garin da zai kwana kowane dare, ya kuma buga waya da zarar ya sauka. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.