Garin Ƙarfen Da Ya Ta Da Dalar Gyaɗa

Botar gwangwani da mai shayi yake shafa wa burodi a Agege ko Sabo ta Ibadan ba daga nonon shanu ta fito ba. Man tsiro ne, kuma tarihinta ya ratsa ta Kano.

A cikin ƙwayoyin man gyaɗa akwai wuraren da zarra biyu ta kabon suka riƙe juna da ɗauri biyu, shi ya sa man yake ruwa-ruwa. Idan iskar haidirojin ta shiga wurin ta kwance ɗauri ɗaya, sai man ya daskare. To, amma ko an shekara ana kaɗa man da iskar nan, ba za su haɗu ba, sai an sami dillali.

Dillalin shi ne ƙarfen nikel. Wani Bafaranshe, Paul Sabatier, shi da abokin aikinsa Senderens suka gano haka a 1897, ya kuma sami kyautar Nobel a 1912. Haidirojin kan manne a jikin ƙarfen ya rabu gida biyu. Ƙwayar man ita ma ta zo ta kwanta a gefensa, ɗaurinta ya sassauta, ta karɓi haidirojin ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta tashi ta ba wata wuri. Ƙarfen kuwa yana nan yadda yake, a tace shi a sake aiki da shi. Da yake a bayan ƙarfen kaɗai ake cinikin, sai a mai da shi gari don fili ya yawaita.

Wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar wannan dabara kan mai a 1902. Nan da nan masana'antun bota na Turai suka shiga neman mai ido rufe. Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, Turawa auduga suka sa rai, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi tsoka. Mafarin dalar gyaɗa ke nan.

Sai dai dillalin yana da aibi. Idan aka tsai da aikin a rabi, wasu ƙwayoyin kan tashi daga kan ƙarfen a murɗe, su zama kitse mai toshe jijiyoyin zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi ƙasashe su kawar da shi daga abinci.