Fim ɗin Krrish: ina na biyu ya shiga?

Daga Agye zuwa Gazawa da Gidan Rumji, masu son finafinan Indiya kan je wurin masu tura fim a salula suna neman "Krrish 2". Babu fim mai wannan suna. Wanda ya biya kuɗinsa, wani fim aka sake wa suna aka ba shi.

Ga yadda lissafin yake. Na farko shi ne Koi... Mil Gaya na 2003, inda Jadoo, baƙo daga sararin samaniya, ya ba Rohit basira da ƙarfi. Na biyu shi ne Krrish na 2006, labarin ɗansa Krishna da ya gaji ƙarfin. Shi ya sa na 2013 ya zama Krrish 3. Rakesh Roshan ya shirya duka ukun, ɗansa Hrithik ne jarumin.

Gardamar da ake yi a fada kuwa ta bos ce. Dakta Arya ya tsare Rohit shekara da shekaru saboda kwamfutar da ke hango gobe. Kaal kuma ya ƙirƙiro cuta, ya watsa ta, ya koma sayar da maganinta. Masu cewa Kaal ya fi mugunta, hujjarsu ɗaya ce: ciwon jama'a ne jarinsa.