Hunturu a Gazawa: Wa zai saya wa uwar yaro mai nakasa itacen ɗumama ɗaki?

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, duk wanda ya yi sammako a kan babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Maradi da Caduwa da Agye ta isa Gazawa, zai tarar da hayaƙi kwance a kan ƙauyuka. Yara sun tsuguna sun kewaye wutar kara suna gasa tafin hannu. Da hantsi ya yi sai su watse, wasu makaranta, wasu kiwo, wasu talla.

Akwai yaron da ba a gani a bakin wannan wuta. Yana cikin ɗaki, a inda aka kwantar da shi tun dare, domin ba ya iya tashi da kansa. Wani tun wajen haihuwa ya samu lahani a ƙwaƙwalwa saboda doguwar naƙuda, wani kuma sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya bar shi haka. A dararen Janairu awon zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 a jihar Maradi. Wanda ya saba da hunturun Turai zai iya raina wannan adadi, amma yaron da ba ya juya jikinsa, wanda ya jiƙa shimfiɗarsa tun tsakar dare a ɗakin da iska ke kutsawa ta ƙarƙashin ƙyaure, shi ya san yadda yake ji.

Mai tashi ta sauya masa zane, ta hura wuta, ta ɗumama ruwa, kusan kullum uwarsa ce, ko kakarsa idan auren uwar ya mutu. To a cikin tsare-tsaren tallafi na gwamnatin Nijar, wanne ne ya san da zaman wannan mace?

Gidan da wuta ba ta mutuwa

A gidan da yara ke da lafiya, ana hura wuta don girki da ɗan ruwan wankan safe. A gidan da ake jinyar yaro kwance, wanka ya fi sau ɗaya, wanki na kullum ne, kunu sai da ɗumi domin wasu daga cikin yaran ba sa iya taunawa, ga kuma kaskon garwashi da ake shigarwa ɗaki da dare.

Itacen kuwa ba a banza yake ba. Yankin Agye da Gazawa na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar Nijar, kusan ko'ina gona ce. Itatuwan gawo da kalgo da sabara da ake gani a gonakin, waɗanda manoma irin na Ɗan Saga suka raya ta hanyar sassaben zamani har duniya ta san da su, duk suna da masu su, kuma ana tsaron su. Karan gero ma ya zama haja, ana tara shi don dabbobi da danga da sayarwa. Macen da ba ta da gona sai dai ta yi nisa neman ƙirare da kashin shanu, ko ta saya.

A nan ne lissafin ke rikicewa. Wadda ke da yaro ɗan shekara takwas da ba ya zama da kansa ba za ta goya shi zuwa daji ba, kuma ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Ita ce ta fi kowa buƙatar itace, ita ce kuma ba ta da ƙafar zuwa nemansa, kuma zaman jinya ya riga ya raba ta da ƙuli-ƙuli ko ƙosan da za ta sayar ta samu na saye. Sau da yawa 'yar'uwar yaron ce ake cirewa daga makaranta ta riƙa zuwa itace.

Iskar gas ta matatar SORAZ da ke Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ta sauƙaƙa wa gidaje da yawa a birane. An daɗe farashin hukuma na cika tukunya mai kilo 6 yana kan sefa 1,800. Sai dai sayen tukunyar da kanta da murhunta kuɗi ne dunƙule, wurin cikawa kuma yana gari. Gas zai dafa ruwa, amma ba shi ake kwana da shi a ɗaki ba.

Garwashin da ake kwana da shi ma da nasa haɗarin. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mai barci. Yaro mai farfaɗiya kan faɗa wuta idan ciwon ya taso masa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na danganta kusan rabin mace-macen ƙananan yara da ciwon huhu ke jawowa da hayaƙin da suke shaƙa a cikin gida.

Abin da doka ta tanada

Ba a rasa dokoki ba. Tun watan Maris na 1993 Nijar ta kafa dokar kare haƙƙin nakasassu, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, sannan a Disambar 2019 aka yi sabuwar doka kan shigar da su cikin harkokin rayuwa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan ƙasar, wato sama da mutum 700,000, suna da wata nakasa.

Dokokin suna magana ne a kan mai nakasar: karatunsa, lafiyarsa, aikinsa, yadda zai shiga gine-ginen hukuma. Babu wani alawus na wata-wata da aka yanka wa wanda ya ajiye sana'arsa don jinyarsa, balle kuɗin ɗumama ɗaki.

Abin da ya fi kusa da hakan shi ne kuɗin iyali da asusun CNSS ke biyan ma'aikatan da aka yi wa rajista: jaka ɗaya a wata kan kowane yaro, kuma ana ci gaba da biya har zuwa shekara 21 idan yaron na da nakasa. Manomin Gangara da matarsa ba su da albashi, don haka ba sa cikin wannan lissafi.

Sai kuma magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda aka fara a 2006. Ya ceci rayuka da yawa, duk da jinkirin da aka sha samu wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu, abin da kan bar ɗakunan magani wayam. Amma tsarin shekaru yake dubawa. Ranar da yaro ya cika biyar ya fita, ko da kuwa har lokacin a baya ake goya shi. Ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da hukumomin soja suka fara aiwatarwa a Satumbar 2024 ya rage nauyi, sai dai kuɗin babur zuwa likita da maganin farfaɗiya na kowane wata suna nan a wuyan iyaye.

Wa ke shiga, wa ke fita

Tallafin kuɗi a hannu ba baƙo ba ne a wannan yanki. Shirin rage raɗaɗin talauci da gwamnati ta ƙaddamar a 2011 da kuɗin Bankin Duniya ya biya gidaje jaka goma-goma a wata har tsawon wata 24, kuma Gangara da Caduwa da Saye Sabuwa da Gidan Sori suna cikin wuraren da suka amfana. Zango na biyu, wanda aka raɗa wa suna Wadata Talaka daga 2019, ya ɗaga kuɗin zuwa jaka 15.

Yadda ake zaɓe shi ne abin lura. Da farko ana zaɓen gundumomi da ƙananan hukumomin da suka fi talauci. Daga nan, saboda kuɗin ba zai isa kowa ba, a wurare da dama ƙuri'a aka jefa a bainar jama'a don fitar da ƙauyukan da za su shiga. Sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida da tambayoyi: da me aka yi rufi, mutum nawa ke ci a tukunya ɗaya, dabbobi nawa, akwai amalanke ko babur. Kwamfuta ce ke haɗa maki ta jera gidajen.

Tsari ne da aka yi don toshe ƙofar son kai, kuma ta wannan fuska ya yi rawar gani. Amma abin da yake aunawa shi ne dukiyar gida. Gida biyu masu rufi iri ɗaya da awaki daidai wa daida za su iya samun maki kusan ɗaya, alhali a ɗayan akwai macen da ta shekara bakwai ba ta taka kasuwa ba. Idan kuma ƙauyensu bai fito a ƙuri'a ba, magana ta ƙare tun kafin a zo ƙofar gidanta.

Akwai wani abin kuma. Mace ake miƙa wa kuɗin, kuma a gidan da ke da mata fiye da ɗaya galibi uwargida ce ke karɓa. Idan yaron ɗan amarya ne, rabonsa ya dogara da zaman lafiyar gidan. Ɓangaren aiki don kuɗi, inda ake haƙa ramukan rabin wata don farfaɗo da fako, shi ma na mai iya barin gida ne tun safe.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi zuwa Nijar, sai a 2024 ya dawo. Duk shirin da ya jingina da aljihun waje yana jin irin wannan girgiza.

Lokacin da agaji ke zuwa ma bai dace da hunturu ba. Rabon hatsi kyauta da sayar da shi da rahusa an tsara su ne don watannin da rumbu ke ƙarewa, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Disamba da Janairu, a idon masu tsarin, lokacin wadata ne tunda an gama girbi. Barguna da tabarmi kan zo ne ta hannun ƙungiyoyin agaji, galibi ga waɗanda ambaliya ta rushe wa gidaje kamar ta 2024, ko 'yan gudun hijirar Zamfara da Sokoto da Katsina da suka fara kwarara gundumar Gidan Rumji tun 2019.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

'Yan yankin da ke zaune a Birtaniya sun san wani tsari daban. Wanda ke kula da mai nakasa aƙalla awa 35 a mako yana iya neman alawus na mai jinya, wanda ya kai fam 81.90 a mako a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, muddin yaron na karɓar tallafin nakasa a matakin da aka gindaya, kuma abin da mai jinyar ke samu daga aiki bai wuce wani ƙayyadadden adadi ba. A Ingila, iyalai masu ƙaramin ƙarfi da ke da yaro mai nakasa kan samu fam 25 duk lokacin da sanyi ya kai digiri sifili ko ƙasa da haka kwana bakwai a jere. Baƙin da bizarsu ta haramta musu cin kuɗin gwamnati ba sa samun ko ɗaya, abin da sababbin zuwa kan gano a makare.

Za a ce Birtaniya mai arziki ce. Afirka ta Kudu ma tana biyan sama da rand 2,000 a wata ga iyaye ko masu riƙon yaro ɗan ƙasa da shekara 18 da nakasarsa ke buƙatar kulawa ta dindindin, bayan likita ya tabbatar kuma an duba abin da gidan ke samu. Abin da ya haɗa ƙasashen biyu shi ne sun ɗauki jinya a matsayin aiki mai cin lokaci, har suka yi mata takardar cikewa.

Nijar ba za ta iya biyan irin waɗannan kuɗaɗe ba, amma akwai abin da ba ya buƙatar sabon asusu. Takardar tambayoyin da ake bi da ita gida-gida za ta iya ba wa jinya maki mai nauyi. Kyautar magani za ta iya bin yaro mai tsananin nakasa bayan ya wuce shekara biyar. Tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa, FNPH, da ƙungiyoyi irin su Humanity & Inclusion da ke aikin shigar da yara masu nakasa makaranta a Maradi, sun san gidajen da ake magana a kansu fiye da kowace kwamfuta.

Kafin nan, nauyin yana kan abin da aka saba da shi: zakkar hatsi bayan girbi, asusun ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka samo asali a jihar Maradi a 1991, da kuɗin da ɗa ko ƙane ke aikowa daga Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya ta Nita ko Amana. Masu aikowa sun saba tuna gida da azumi, da Sallah, da lokacin shuka. Kara kuwa ya fi araha a Oktoba da Nuwamba, da zarar an gama girbi, kuma a lokacin ne gidan da ke da yaro kwance ke buƙatar kuɗin tara shi, da na bargo na biyu, da ledar da za a shimfiɗa a ƙarƙashin zanensa.