ƘARO: Arzikin Da Ke Tsattsafowa Daga Itatuwan Borno

Duk wanda ya yi karatun allo ya san ƙaro, domin da shi ake haɗa tawada don ta kama allo. Masu bugun shadda ma sun san shi, don shi ke sa yadi ya yi ƙarfi da sheƙi. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan ɗan dunƙule da ake tarawa buhu-buhu a Maiduguri yana cikin abubuwan da manyan masana'antun duniya ba su iya yi sai da su.

Ƙaro mafi daraja daga itacen dakwara yake fitowa, wanda Barebari ke kira kolkol, sai kuma na dushe da ke bi masa. Idan damina ta wuce, ganye ya fara zuba, sai manomi ya ɗaye ɗan ɓawo a jikin reshe. Bayan 'yan makonni ruwan da ya tsattsafo zai daskare, sai a bi a tsince. Shi itacen kuwa magani yake yi wa kansa, domin ƙaron ne ke toshe raunin, ya hana ruwan jikinsa ƙafewa, ya kuma tare ƙwayoyin cuta.

Masana kimiyya sun sa ƙaro cikin dangin da suke kira folisakaraid, wato ƙananan ƙwayoyin sukari masu ɗimbin yawa da aka jera kamar 'ya'yan carbi. Yadda aka ɗaura ƙwayoyin, da irin sukarin da aka jera, su ke bambanta aikin kowane ɗaya.

Alal misali, sitacin da ke cikin gero da dawa da rogo jerin gulukos ne, kuma shi ne rumbun da shuka ke ajiye abinci. Zaren auduga ma jerin gulukos ne, wanda ake kira selulos, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na auduga shi ne. Wani Bafaranshe mai suna Anselme Payen ne ya fara tantance shi a 1838. To, ga abin mamaki: sukari ɗaya ne, amma ɗan Adam yana narkar da sitaci, ba ya iya narkar da selulos. Dalili shi ne, a sitaci jerin yana lanƙwashewa, yawu da ruwan hanji su tsinka shi, a selulos kuwa jerin miƙaƙƙe ne, yana manne da 'yan'uwansa kamar igiya, shi ya sa kara ke tsayawa ƙyam. Saniya tana rayuwa da ciyawa ne saboda ƙananan halittun da ke cikin tumbinta, su ke warware mata wannan ɗauri.

Dabbobi da mutane su ma suna da nasu rumbun, wato gilaikojin, wanda Claude Bernard ya ware daga hanta a 1857. Baligi yana ajiye kimanin giram 100 a hanta, da wajen 400 a tsoka, kuma daga na hantar ne jikin mai azumi ke samun sukari da rana. Hatta farar da aka san Maiduguri da ita, ƙurus-ƙurus ɗin da ake ji a baki ɓawonta ne, wanda aka gina da wani ɗan dangin mai suna kaitin, shi ne sulken ƙwari.

Ƙaro ya fita daban, domin jerinsa mai rassa ne, na sukari iri-iri kamar galaktos da arabinos, tare da ɗan furotin kaɗan. Wannan ya sa yake narkewa cikin ruwa ba tare da ya yi kauri ainun ba, ya kuma riƙe mai da ruwa wuri guda. Saboda haka masu yin lemon kwalba da alewa da magunguna suke nemansa, kuma shi ne E414 da ake gani a jikin kwali. Darajarsa ta kai har lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai da ta bar ƙofa domin ƙaro.

Sudan ce kan gaba a duniya, Chadi da Nijeriya suna biye. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya tayar da hankalin masu saye, suka shiga neman wasu kasuwanni. Sai dai rikicin Boko Haram tun daga 2009 ya raba manoman arewacin Borno da dazuzzukansu, ga kuma masu saran itace don girki da gawayi. Dakwara kuwa takan yi shekara 4 zuwa 5 kafin ta fara ba da ƙaro, don haka itacen da aka sare yau ba ya dawowa gobe.

Akwai tashar binciken ƙaro a Gashuwa ta Jihar Yobe, akwai Jami'ar Maiduguri, ga kuma hukumar shirin Babbar Katangar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015. Ya kamata su haɗa kai su wadata manoma da dashe mai kyau, a kuma kafa injinan tace ƙaro a gida maimakon fitar da shi ɗanye. Itacen da ke tare hamada, ya gyara ƙasa, ya ciyar da dabbobi, sannan ya kawo kuɗi da rani, bai cancanci gatari ba. Da ma Hausawa sun ce, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.