Koko da Goro a Tsakar Gidan Fatake

A wani lungu tsakanin kasuwar Kurmi da gindin Dala akwai tsohon gidan fatake, inda wani dattijo ya daɗe yana renon itatuwan da kowa ya san ba sa yi a Kano: goro, da koko wanda ake yin cakulan da 'ya'yansa. Son ganin yadda suke tsallake hunturu ne ya kai ni. Bayan gaisuwa a zaure, aka yi mini iso zuwa ciki.

A kusurwar gabas aka dasa su, jikin katanga mai kauri, ƙarƙashin mangwaro da ayaba. Kokon ya ɗan fi mutum tsayi, bakin ganyensa duk ya ƙone. Goron kuwa bai wuce ƙugu ba.

Na ce, "Baba, ai na ɗauka zafin bazara ne babban abokin gabarsu."

Ya ce, "A'a, ɗana. Zafi in da inuwa da ruwa ana shanye shi. Hunturu ne makashinsu. Iskar nan ta tsotse ganye da rana, sanyin asuba kuma ya ƙarasa."

Maganarsa ta yi daidai da abin da masana noma suka tabbatar. Asalin koko dazuzzukan Amazon ne a Kudancin Amurka. Yana son ruwan sama kamar milimita 1,500 a shekara ko fiye, da iska mai laima, kuma ba ya jin daɗi idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 18. Shi ya sa a Najeriya ya zauna a Ondo da Osun da yankin Ikom. A Kano kuwa damina wata huɗu ce zuwa biyar, ruwan sau da yawa ba ya kai milimita 1,000, kuma daren Disamba da Janairu kan sauko kusa da digiri 12.

Don haka da kaka ta wuce gidan yake shiga ɗamara. A kafa zana ta bangaren arewa maso gabas, a rataya jiƙaƙƙun buhuna, a lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa. An binne tulu a gefen kowane itace, ana cika shi yana tsattsafowa a hankali. Da magariba jikoki su yafa musu leda, da hantsi a yaye. Da na faɗa masa cewa a Jami'ar Reading ta Ingila ma tun 1985 ake renon koko a ɗakunan gilashi masu ɗumi, sai ya yi dariya, ya ce su da na'ura, shi da zana.

Na tambaye shi dalilin wannan wahala. Ya ce kakansa da jakuna ya riƙa zuwa Gwanja, wata da watanni a hanya, ana kwance huhu ana yayyafa ruwa kada goro ya bushe. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 hanya ta koma kudu, mahaifinsa ya riƙa saro a Shagamu, shi kuma ya ƙare kasuwancinsa a Mariri. "Da goro aka gina gidan nan, da shi aka aurar da mu, amma yaran gidan ba wanda ya taɓa ganin itacensa. Suna zaton a buhu yake tsira." Irin kokon kuwa wani direba ne ya kawo masa daga Ondo cikin kwansonsa, domin in aka fasa ya kwana biyu a waje ba ya tsirowa.

Uwargidan ce ta fito da abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Rijiyar gidan, wadda ta tarar tana amarya tana kawo ruwa har bazara, yanzu kafin sanyi ya wuce sai laka. Kududdufin bayansu an cike shi an yi gini. "Ɗan nan, jarka muke saye wajen 'yan garuwa. Ruwan alwalar Alhaji da na wankin shinkafa ba a zubarwa, duk na itatuwansa ne. Wata ran sai na zauna ina lissafi, tukunya ko tulu." Ba ta ce a sare ba. Ita ce ma ke tashin yara su yafa ledar in sun manta.

Kokon yakan yi fure a jikin kututturensa, ƙanana farare, amma su zube. Wasu 'yan ƙwari masu son danshi da ruɓaɓɓen ganye ne ke yi masa barbara, su kuwa busasshiyar iska ba ta barin su. Wani ɗan gidan da ya yi karatun gona ya ce bana zai gwada ɗauko garin fure da tsinke daga wannan furen zuwa wancan, ya kuma nemo ƙafa ta biyu, tunda wasu irin ba sa ɗaukar nasu. Shi ya so a sa dabino ko lemun tsami a wurin, amma ya bar maganar.

Damuwar dattijon ta wuce 'ya'yan itace. Gidajen maƙwabta da aka raba gado duk an mayar da tsakar gida ɗakuna da shaguna. Ya ce ya tara 'ya'yansa ya roƙe su, ko bayan ransa, a bar kusurwar nan da rijiyar a matsayin na kowa. Babban ɗan ya amsa da to, sauran kuma sun ce a bari ƙaninsu da ke Legas ya zo da Sallah a yi shawara.